Kogi Bai Iya Karatu Ba

Ƙarfe ukun dare a Turrialba,
ruwa na dukan kwanon rufi kamar mai bin bashi,
ni kuwa ina zaune da takarda da kofin da ya huce,
ina ƙirga mutanen da ban taɓa gani ba.

Arba'in da biyu.
Kamfaninsu na sayar da inshora a ƙasar ƙanƙara,
su suka fi kowa ciniki bana,
tukuicinsu kwana biyar a ƙasarmu,
ni Yorleny aka ɗora wa tukuicin a ka, ba gammo.

Mutum uku ba sa cin nama,
ɗaya gyaɗa na kumbura masa wuya,
wata ta rubuto tana tambaya ko biri na shiga ɗaki.
Shugabansu so yake komai ya tafi kan minti:
tuƙin kwalekwale ƙarfe tara,
zumunci sha ɗaya da rabi.
Na yi dariya ni kaɗai.
Wa ya gaya masa ana ɗaura wa zumunci agogo?

Na kira Eladio direba, ya ce taya ɗaya ta yi sanƙo
amma motar ta fi shi sanin hanyar dutse.
Na kira Marielos mai girki,
ta ce wake da shinkafa ba su taɓa ba ta kunya ba,
in bar mata tukunyarta, in ji da lissafina.
Wilberth, jagoran kogi, bai ɗauka ba.
Da asuba ya turo kalma uku:
Pacuare ya cika.

To, ga takarda, ga kogi.
Takarda ta ce ƙarfe tara.
Kogi bai iya karatu ba.

Suka sauko daga mota fes da su, takalma sababbi,
jikinsu na ƙamshin man tare rana,
ranar kuwa ko leƙowa ta ƙi.
Na ce yau ba shiga ruwa, gona za mu.
Shugaba ya dubi agogo, ya dube ni,
na haɗiye yawu, na yi gaba da lemata.

Muka hau tudu, gonar kofin kawu Rigoberto,
laka har idon sawu.
Babban akawunsu ya zame, ya zauna daɓas,
matar da ke amsa waya a ofishinsu,
shekara shida bai san sunanta ba,
ita ta miƙa masa hannu.
Ya tambaya. Ta faɗa. Ya maimaita sau biyu
kamar mai tsoron kada ya sake faɗuwa.
Wannan ba ya cikin jadawalina.

Rana ta uku ruwa ya janye.
Wilberth, ɗan shekara ashirin da uku,
ya zaunar da shugaba a goshin kwalekwale,
yana daka masa tsawa: Tuƙa! Dakata! Sunkuya!
Mutumin da ke sallamar ma'aikata da layi ɗaya
yana bi, ba musu, ido waje.
A kwana ta huɗu igiyar ruwa ta tsame shi,
ma'aikatansa suka jawo shi ta wuyan riga
kamar tarwaɗa.
Ya tashi yana tari, yana dariya, hannunsa wayam.
Agogon na can ƙasa yana gaya wa duwatsu lokaci.

A filin jirgi suka rungume ni, suna warin hayaƙi da mangwaro.
Takardar jin ra'ayi ta biyo baya:
tauraro huɗu cikin biyar.
An cire ɗaya saboda ruwan sama.

Na biya Eladio, na ce don Allah taya.
Na biya Marielos, ta cusa min ayaba soyayya a jaka.
Sai a hanyar gida na tuna
shekara bakwai rabona da in jiƙa ƙafa a Pacuare,
ni da nake sayar da shi kullum.

Na tsaya a gada, na cire takalmi ɗaya.
Waya ta yi ƙara:
likitocin haƙori sittin, watan Maris,
suna tambaya ko zan iya tabbatar musu da rana.