Tsatsar Tarsis

Tun da aka rufe mahaƙar Tarsis, can kudancin Sifen,
Fulgencio bai daina zuwa ba.
Bayan ruwan sama yake fita,
da 'yar guduma da jaridar jiya.

Dutsen baƙi ne, mummuna, kamar kashin maƙera,
sai ka juya shi ga rana:
wuyan tattabara!
Kore, shuɗi, wani ja mai kunya
da ba ya tsayawa a kalle shi.

Shekara talatin yana haƙa don albashi,
bai taɓa juya ko ɗaya ba.

Jikarsa Casilda ta ce, "Kaka, tsatsa ce fa."
Ya ce, "Na sani.
Ni ma."

Ya naɗe shi a hankali,
kada yatsa ya dusashe launin.