Kifin da Muka Saka

Ni ɗan Sarkawa ne daga bakin Yawuri.
Ubana Magawata bai taɓa komawa gida da gora wayam ba.
Shi ya koya mini gane giwan ruwa tun daga kumfa,
ya ce kifin da ya zo hannu Allah ne ya aiko shi.
Yau ga ni a Ikko ina wanke jirgin wani,
a kan ruwan da ko kurkure baki ka yi sai ka tofar.

A watan Yuni teku ba ta karɓar baƙo.
Takan miƙe kamar bangon soro, ta rufto.
Jirage ɗaure a Ikoyi kamar awaki ranar ruwa,
mu kuwa muna kankare tsatsa,
muna warware zaren da ya cukurkuɗe tun bara.
Setonji direbanmu, mutumin Badagiri,
yakan tsoma hannu cikin Agusta ya ce,
"Ta yi sanyi. Ƙananan sun taso, manyan na biye."

Nuwamba na kamawa sai ta kwanta.
Mu fita kafin ladanin Obalende ya yi shiru,
mu wuce Tarkwa,
mu ratsa manyan jiragen da suka gaji da jiran Apapa,
har ruwa ya bar launin kunun kanwa
ya koma turkuɗi.
Inda tsuntsaye ke faɗowa, nan tuna take.
Barakuda kuwa tsage ce da ta yi aikin soja,
ta cinye mana waya uku a wuni ɗaya.
Akwai wani kore mai faɗin goshi,
yana fitowa kamar sabon leshi,
kafin ka ce kwabo launin ya mutu a hannunka.
Kifayen nan babu mai sunan Hausa.
Ni nake raɗa musu, ba rago, ba goro.

Ranar wata Asabar cikin Janairu
zare ya yi ƙara kamar an taka jelar kyanwa.
Oga Adekoya ya ɗaura ɗamara ya zauna.
Awa biyu ana ja, ana saki,
gumi ya jiƙe masa riga har wando.
Sai ga shi ya yi tsalle:
mashi a baki, tuta a gadon baya,
tsawonsa ya kai ni da ƙanina a haɗe.

Da ya gaji ya jingino gefen jirgi
na kama mashin da hannu biyu.
Wallahi lissafi nake yi:
kuɗin ɗaki wata huɗu,
ko tukunyar gida goma a unguwarmu,
har da maƙwabta, har da na kai wa surukai.
Oga ya ɗauki hoto. Ya ce, "Cire ƙugiyar. Sake shi."

Na dubi Setonji. Setonji ya dubi gajimare.

Na riƙe shi cikin ruwa, jirgi na tafiya sannu,
don numfashi ya dawo masa.
Idonsa kamar murfin kwano, yana kallona.
Can na ji ƙarfi na hawa jikinsa
kamar injin da aka tayar da sanyin safiya.
Ya kaɗa sau ɗaya. Hannuna ya buɗe da kansa.
Shuɗi ya shige cikin shuɗi.

Da dare na ci burodi da kifin gwangwani,
na kira gida.
Baba ya yi shiru har na zaci layi ya yanke.
Ya ce, "Girmansa fa?"
Na ce, "Ya kusa kwalekwalenka."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya ce, "Haka ne, ɗana. Wanda ya tafi kullum shi ne babba."

Hoton yana wayar Oga.
Ni kuwa tafin hannuna ne ya saɓule,
har yanzu gishiri na gaya mini wurin.