Mai Gadin Numfashin Ɓeraye

Na baro Kabala ana kiran assalatu,
kogin Kaduna bai ko motsa ba,
makulli a aljihu, littafin awo a hammata.

A gida in na ga ɓera takalmi nake rarumowa.
A nan sai na sa hula da safar hannu,
in yi sallama a bakin ƙofa
kamar mai shiga wurin surukai.

Ga su nan, kwana huɗu da haihuwa,
jajaye, ba gashi, ido a rufe,
kowanne bai kai babban yatsana ba.
Dakta Kuyet ta ce a sa su akwatin gilashi,
a rage musu iska, mako biyu cur.
Ita ta rubuta.
Ni ke murɗa makunnin.

Ta taɓa kirana bakin madubin bincike:
"Leƙa, Malam Sallau. Huhu bishiya ce a kife,
reshe na haifar reshe
har a kai ga 'yan jakunkunan shan iska.
Na wannan ya daina toho.
Hanyoyin jini sun yi kauri, sun tsuke
kamar lungun Kasuwar Barci ranar jajibere,
zuciya na turawa, na turawa,
har ɓarin damanta ya kumbura don wahala."

Na leƙa. Ban ce uffan ba.
Ban ce mata Ramlatu bakwaini ce ba,
kwana ashirin da uku a kwalba,
leɓɓa shuɗaye kamar ta tsotsi baba.
Da likita ya ce hawan jinin huhu ne
na ce, jaririya?
Ashe ba tsofaffi kaɗai yake nema ba.
Babur ɗina ya tafi a wannan watan.

Daren Laraba aka ɗauke wuta,
janareta ya yi tari biyu ya yi shiru.
Na ja igiya har kafaɗa ta amsa,
ina addu'a, wallahi, saboda ɓeraye,
ni da ban taɓa roƙa wa kaza lafiya ba.

Ranar awo ba na karyawa.
Zuciya kamar ƙwayar dawa a kan sikeli,
a raba dama da hagu, a rubuta.
Na lamba sha bakwai, cikin waɗanda aka ɗiga wa magani,
damanta bai kumbura sosai ba.
Na ɗago kai.
Dakta ta ce, "Kada ka yi saurin murna.
Ɓera ɓera ne, yaro yaro ne,
tsakaninsu akwai tafiyar shekaru."
Amma na ga ta sake duba lambar,
ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

An ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.
Waɗannan me suka sata?
Mu muka ranci numfashinsu,
kuma ban san ranar biya ba.

Ramlatu ta shekara shida yanzu.
Tana wasan 'yar gala-gala, ta tsaya, ta dafa bango,
ta jira ƙirjinta ya iso ta.
Jiya ta ƙwala ihu, "Baba, ɓera a bayan buhu!"
Na ɗauki takalmi.
Na tsaya.
Na buɗe masa ƙofa.