Laba Arba'in da Biyar

Shekara talatin da ɗaya ina hawan tsaunukan Bitterroot
da bakan da na saya a makon da aka haifi Darla,
laba saba'in a ja, nauyin jaririya a hannu,
ban taɓa cewa ya yi nauyi ba, ko a zuciya.

Bara kafaɗata ta yi ƙara kamar busasshen reshe.
Likitan Hamilton ya ɗinke abin da ke ɗinkuwa,
ya ce, "Orval, ko ka rage, ko ka rataye."
Na ce to. Na fito ina zaginsa a hanya.

Darla ce ta tuƙa ni ran Asabar, ana yayyafi,
zuwa shagon Lenore Kvamme, bayan gidan mai,
inda bakunkuna ke jere kamar haƙarƙarin sa,
kofi ya kwana a buta ya yi ɗaci,
tsohon kare na minshari gindin kwalin kibiya.

Na nuna baƙin can na sama, mai kaurin damtse.
Lenore ko kai ba ta ɗaga ba.
Ta sa na buɗe hannuwa kamar wanda 'yan sanda suka tare,
ta auna ni daga yatsa zuwa yatsa,
ta rubuta lamba a bayan rasit,
ta miƙo wani siriri mai gargare biyu, sama da ƙasa.
Na ce, "Wannan ai na yara ne."
Ta ce, "Ja tsirkiya."

Na ja.
Farko ya yi gardama, tsakiya ya cije,
ɗinkin kafaɗata ya fara yi mini magana,
sai gargaren suka juya, ƙwal,
nauyin ya zube kamar an karɓe mini kaya,
tsirkiya ta zauna a gefen bakina, lafiya.

"Riƙe," in ji ta. Ta kalli agogon bango.
Na ƙirga ashirin. Na ƙirga arba'in.
Hannu bai yi rawa ba, ido bai kawo ruwa ba,
abin da ya yi rawa kawai ita ce kunya.

Ta ce, "Barewa ba ta yawo da sikeli, Orval.
Huhu gare ta, faɗinsa kamar faranti.
Wasa bakin kibiyarka, ka matso kusa, ka yi shiru.
Kuma bakan da ka ɗauka a nan da yatsa biyu,
tsauni zai ƙara masa dutse kowane mil,
kafin rana ta raba kana jin sa a wuya."

Na gwada uku. Ɗaya ya yi tsara bayan harbi,
ɗaya ya gurje mini hannu.
Na koma kan siririn nan, launin toka,
ina neman aibinsa kamar mai sayen doki.
Kuɗinsa ya kai na tayoyin mota huɗu.
Darla ta zaro katinta, na ture hannunta,
ta sake zarowa. Halin uwarta ne, ba ta ja da baya.

Satumba ta zo. Raɓa ta daskare a ciyawa.
Na hau har inda na daina kaiwa tun bara waccan,
cikin dogayen itatuwa masu allura a madadin ganye.
Bijimin barewa ya yi kuka kamar sarewa mai tsatsa,
ya sauko, ƙahonsa na karya rassa,
ya tsaya da ƙirjinsa a bayan kututture.
Na riga na ja. Ba halin saki, ba halin saukewa.
Da tsohon bakana ne, da tuni na fasa.
Na riƙe. Yana shaƙar iska. Na riƙe.
Numfashinsa na tashi fari, nawa na ɓoye shi,
ina jiran taku ɗaya.

Tsohon bakan yana rataye bisa ƙofar kicin.
Jikana ya tambaya ko nasa ne. Na ce, sai ka iya.