Tumbin Akuyar Inna Tumba

Ran kasuwar Jega akuyarmu ta kwanta,
ja mai farin goshi, mai haihuwar biyu-biyu.
Kwana tara tana shinshina harawa tana kau da kai,
ciki ya kumbura kamar salka,
haƙarƙari kuwa ana ƙirga shi daga zaure.
Gudun kada ta zama mushe
muka aika yaro ya kira Arzika.

Ya yi bisimilla, ya yanka, ya feɗe.
Da ya tsaga tumbi sai wuƙa ta tsaya.
Ya jawo wani curi baƙi, ya kai kan jariri,
ya yi ta warwara kamar mai kwance rawani:
ledar sikari, ledar manja, ledar ruwa,
har da shuɗiyar nan ta shagon Nomau.
Na gane ta. Ni na kawo ta gida.

"Malam," in ji shi, "wagga ba cuta ba ce,
cefanenka ne ta ci."

Inna Tumba ba ta yi kuka ba.
Ta wanke curin, ta shanya shi a rana,
ta rataye a ƙusa bisa ƙofar madafa,
duk mai shiga neman abinci
sai ya sunkuya a ƙarƙashinsa.

"Da munka taso," ta ce, "sharammu toka ce,
tokar ma tsiyaya ta mukai mu sa a miya.
Ku kun yi boko, kun koyi zubarwa."

Washegari ta miƙo mini kwando,
da kwalbar mai, da kwano mai murfi.
Na ratsa kasuwa, biro a aljihu, kwando a hannu,
ɗalibaina na leƙe daga rumfar mai shayi,
wani ya ce, "Malam ya koma talla."
Na ji kunya har tafin ƙafa.
Mai nama dai bai ce uffan ba,
ya zuba a kwano, ya ƙara mini tsoka guda.

Hajo ta rage awo,
gwangwani bakwai ya koma biyar,
ba wanda ya kwana da yunwa.
Abin da ya saura ya wayi gari ɗumame,
ƙanzon da muke kankarewa a kwata
yanzu ana jiƙa shi, a kwaɗa da ƙuli da yaji,
yara har faɗa suke a kan na ƙasan kwano.

Da tumatir ya faɗi, kwando kamar kyauta,
muka yayyanka, muka baje a kan rufi,
damina ta same mu da buhun kauɗa
muna kallon gwangwani daga nesa.
Lawashin albasar Aliero ya zama gabu.
Ruwan wankin shinkafa ya san hanyarsa,
gindin zogale, bayan ɗaki,
kusa da ramin da ɓawo ke ruɓa a hankali
yana jiran gonar gero.

Ba zan ce na shiryu sarai ba.
Jiya na dawo da ƙosai a baƙar leda,
na cusa ta aljihu kamar ɓarawo.
Ige, 'yar shekara shida, ta ji ƙarar,
ta nuna ni, ta nuna ƙusa,
Inna ta yi dariya har goro ya shaƙe ta.

Kwatar layinmu har yau a toshe take.
Iska na ɗebo ledar unguwa
ta tsallako mana katanga da dare.
Shi ya sa in na fito daga sallar asuba
nakan zaga tsakar gida a duƙe,
ina tsinta ɗaya bayan ɗaya,
kafin in kwance igiyar 'yar da ta bari,
ja mai farin goshi,
wadda cikinta ya fara nauyi.
Inna ta shafa, ta ce biyu ne.