Kankana, Sha Bakwai ga Azumi

Rana ta tsaya a tsakar ka, ba ta da niyyar gusawa.
Ni da Tasi'u muna cafe,
daga kunya zuwa bakin kwalbati,
motar 'yan kudu na jira, direba na barci a ƙarƙashinta.
Ɗari da sha ɗaya. Ɗari da sha biyu.
Ta sha uku ta kuɓuce.

Ba ta yi ƙara ba.
Buɗewa kawai ta yi, kamar wadda aka tambaya ta amsa,
ja wur, 'ya'yanta baƙaƙe a jere
irin tawadar da ba ta bushe a allo ba.
Ruwanta ya bi tsagar ƙasa.
Ƙasar Auyo ta sha, ita ba ta azumi.

Na tsuguna. Wallahi ban taɓa ba.
Hancina ne ya riga ni,
kuma ban kai babin da ya yi hukunci a kan ƙamshi ba.

Liman Sabitu ya faɗa jiya bayan asuba:
duniya rumfar kara ce, kada wanda ya jingina.
Na gyaɗa kai tare da kowa.
To amma ya Ubangiji,
da Ka so kwaɗaita mana gidan gobe
ai da ƙoramu Ka kira mu,
da inuwa, da 'ya'yan itace masu sunkuyowa.
Da me zan gane su ran nan
in ba da wannan harshe ba,
wanda ya bushe yanzu kamar ƙirgi?

Kwana saba'in ina shayar da ita da fetur na bashi.
Na kwana a bukka saboda ita,
sau biyu na makara asuba saboda ita,
wannan ma yana rubuce, na sani.

Ƙudan zuma ya sauka, ya yi ruku'u a tsakiyarta.
Tasi'u, shekara sha huɗu,
bana ne ya rantse ba zai sha ko ɗaya ba,
ba kankanar yake kallo ba. Ni yake kallo.
Na tsinko ganye na rufe mata fuska,
na tura ta inuwar inji.
Na ce, ɗari da sha uku, jefo.

Da magariba Hansatu ta miƙo kunun tsamiya.
Na ce dakata.
Na kwance ƙullin, ta yi ɗumi, ta soma yami,
da yashi a gefenta.
Na yi bisimilla, na kafa kai har ɓawo.

Zaƙin da na gani da azahar ba ya ciki.
Ko rana ce ta shanye shi,
ko ajiye mini aka yi, ban sani ba.

Na ta da salla da ɗa guda maƙale a haƙori.
Har raka'a ta uku
harshena bai daina komawa wurinsa ba.