Inuwa Ba Baƙa Ba Ce

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin safiyo
a gaɓar Finistère, inda Faransa ta ƙare a ruwa.
Ba katangar da ban san tsawonta ba,
ba gonar da ban raba wa magada ba.
Da na ajiye aiki, bazarar bana,
'yata ta biya mini kuɗin kwana shida
wurin Madam Soazig, mai koyar da zanen fenti a fili.

Mu tara ne. Bakwai na safe
muka kafa alluna a kan tudu, iska na neman kwashe su,
sai da Gwenole mai gidan burodi
ya rataya wa nasa dutse a jaka.
Can ƙasa, jiragen masunta huɗu
da ɗan coci mai rufi ruwan toka.

Na fiddo fensir da rula.
Madam ta karɓe rular, ta jefa a aljihun rigarta
mai tabon fentin shekaru.
Ta ce, "Hoel, runtse ido.
Kada ka ga jirgi. Ga duhu, ga haske,
ga abin da ke tsakaninsu."
Na runtse.
Garin da aka yanke mini cibiya ya narke
ya zama curi uku, ba ko taga.

Washegari na matsa baƙin fenti don inuwa.
Ta sa wuƙa ta kankare shi daga faifaina.
"Sauka ka dubo gindin katangar can."
Na sauka, gwiwa na ƙara, na tsuguna:
shuɗi ne, da shunayya,
da ɗan ja da ya zubo daga ƙofar maƙwabta.
Shekara sittin da huɗu ina taka inuwa
ban taɓa tambayarta launinta ba.

Ita kuwa teku ba ta jiran ɗalibi.
Kafin in gama haɗa launin ruwa, ruwan ya janye,
jiragen sun kishingiɗa a laka kamar shanun da suka ƙoshi.
Na koma zana laka, ruwa ya dawo.
Na ɗora, na sake ɗorawa,
har allon ya zama caɓi.
"Awa biyu gare ka," in ji ta.
"Zaɓi haskenka ka riƙe.
Mai bin rana da buroshi ba ya kama ta."
Ta miƙo mini tsumma.
Na goge aikin wuni guda da hannuna,
warin mai ya bi ni har gado.

Ran Alhamis aka kece da ruwa.
Muka cusa kanmu a motar Tifenn, mu tara,
muna cin sardin da burodin Gwenole,
yatsu duk shuɗi, ba wanda ya damu.
Da aka ɗauke, ƙuda ya faɗa cikin sararin samaniyata
ya maƙale.
"Bar shi," in ji Madam. "In ya bushe ka cire."

Ranar ƙarshe na juya wa teku baya.
Na fuskanci katangar 'yan gidan Kerbrat,
wadda wa da ƙane suka yi shekara tara suna shari'a a kanta,
ni na auna ta, mita arba'in da biyu da rabi.
Yau rana ta kwanta a bisanta ruwan zuma,
inuwarta ta faɗa gonar ƙanen
ba ta nemi izinin kotu ba.
Na zana ta a karkace.
Hannuna ya so gyarawa, na hana shi.

Madam ta tsaya a bayana ta daɗe.
"Hmm," kawai ta ce, ta wuce wurin Tifenn.

Yanzu sati uku ke nan allunan na jingine a kicin.
Fentin bai gama bushewa ba,
na taɓa jiya, ya kama shatin babban yatsana.
Ƙudan na nan a samansa.
Rular ma tana aljihunta,
ban kira na tambaya ba.